Ƙasar da ke Kan Ɗakin Inna

Alhamis, bayan la'asar

Bangon gabas na ɗakin Inna ya tsage. Tsagar ta faro daga ƙarƙashin azara, ta bi kusurwa ta sauko har daidai ƙugun mutum. Daga sama yatsu biyu suna shiga, daga ƙasa ko tsinke ba ya shiga. Ba wanda ya ji rauni.

Da hantsi abin ya faru. Ina tankaɗe a gindin dogon yaro na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tabarma, kamar babbar mota ta bi ta bayan gida, alhali bayan gidanmu babu hanya. Kwanonin da ke jere a ɗaki suka yi ƙara, awaki suka zabura, ruwan randa ya yi ta kaɗawa bayan komai ya lafa. Mahaifiyata tana cikin ɗakinta tana jan carbi, ƙasa ta zubo mata a mayafi. Da na shiga na same ta tana karkaɗewa, ta ce, "Mu'minatu, ɓerayen gidan ga sun fara raina mutane."

Kafin azahar na ji bayani iri uku. Wasu sun ce girgizar ƙasa ce. Wasu sun ce masu aikin hanya ne suka fasa dutse. Na ukun a raɗa ake faɗinsa, ba zan rubuta shi ba. Shekarun da na yi a ɗakin labarai na gidan rediyo a Sakkwato, kafin in yi ritaya in dawo Tambuwal wurin Inna, sun bar mini ɗabi'a guda: ba na riƙe magana sai ta zo ta baki biyu da ba su haɗa kai ba. Abin da na tabbatar dai shi ne tsagar, don na sa yatsana a ciki.

Na shimfiɗa wa Inna a ɗakina. Ɗakin bulo ne da kwano, kuma bazara ce. Ta dubi rufin ta ce ita ba masa ba ce da za a sa ta a tanda.

Juma'a, da safe

Yaya Atu ya bugo daga Kebbe. Can ma sun ji motsin. Bayan gaisuwa ya ce, "Tun yaushe nika faɗa muku? Ɗakin ga ya girme ni, ni kuwa ga furfura. In ɗakin ya tashi aiki, Inna ta taho Kebbe kafin ruwa ya sauka. Ina da ɗaki da silin da fanka. Mutane na ta magana, wai na bar uwata cikin ƙasa."

Na ce a bari a duba tukuna. Ya ce 'yarsa Hamdiya za ta zo gobe, abin da ta ce shi ke nan. Hamdiya ta karanta aikin injiniyan gine-gine, tana aiki a Sakkwato.

Na gaya wa Inna. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce, "Shi wancan na Kebbe da gaskiyatai. In dai ba ɗakin ga ba ne, ko'ina ɗaya ne gare ni. Nan anka kawo ni, nan Malam ya cika. In babu shi, mi nika tsaro a Tambuwal?"

Na tashi na ɗora ruwan shayi. Mangwaro ya yi araha bana, mun sha biyu-biyu.

Asabar, da azahar

Hamdiya ta iso da safe da igiyar awo da fitilar hannu. Na kuma aika an kira Ɗangiwa magini, taubashina, wanda shi ke yaɓen gidan nan tun bayan rasuwar Baba. Yana shigowa ya ce, "'Yar rediyo, an ce ɗakinku ya buɗe baki shina son karanta labarai." Na ce ai in ya fara, sunan maginin zai fara faɗa.

Sun daɗe a ciki. Hamdiya ta ɗaure dutse a zare ta sake shi daga saman bangon, sai muka ga bangon ya karkata waje, ya bar zaren. Ta haska azara. Guda biyar na tsakiya sun lanƙwashe kamar bayan jakin da aka yi wa lodi, amma ba gara a jikinsu, kuma Ɗangiwa ya ƙwanƙwasa kowace ya ce giginya ce ta gaske. Tubalin bangon ma lafiyarsa lau, a bushe yake ƙam.

Sai Hamdiya ta hau tsani. Ta jima a sama, sannan ta leƙo ta ce, "Kawu Ɗangiwa, ara mini rodi." Ta soka rodin a rufin, yana ta shiga, yana ta shiga. Da ta zare ta auna da hannu, ƙasar da ke kan azara ta haura kamu guda.

Ta ce, "Kawu, nawa ya kamata?"

Ya sosa ƙeya. "Taƙi guda. In an yi ƙoƙari, da 'yan yatsu."

"To wa ya ɗora sauran?"

"Malam ya fara, ni na ci gaba. Kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa Inna ta ce a ƙara. Ke kin taɓa musu da kakarki kin ci?"

Haka abin yake. Ina tunawa, duk ƙarshen bazara Baba yakan kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayin geron gonarsa ya hau da kansa ya yaɓe rufin. Wasu gidajen sukan kankare tsohuwa kafin su ɗora sabuwa. Baba bai taɓa kankarewa ba, yana cewa abin da ya tare ruwan bara ba a yi masa butulci. Mu duka mun ɗauka rufi mai kauri shi ne rufi mai ƙarfi.

Hamdiya ta zaunar da ni a inuwa ta yi mini bayani da faranti da kofuna huɗu. In ƙasa ta motsa, gindin gini yana bin ta nan take, amma abin da ke sama yana so ya tsaya inda yake. Gwargwadon nauyinsa, gwargwadon yadda zai fizgi bango. Ta ce, "Gwaggo, kamar mai tallan fura ce a bayan babur. In ƙwaryar ƙarama ce, direba ya ja, ba komai. In babba ce cike, wuya ke amsawa." Bangon ya daɗe yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa, motsin shekaranjiya tura shi kawai ya yi.

Kafin ta tafi sun tokare azarun da sanduna daga ciki. Ta kuma samo guntun gilashin taga, ta gitta shi a kan tsagar, ta manne bakinsa biyu da siminti. Ta ce in bangon ya tsaya inda yake, gilashin zai zauna lafiya. In yana ci gaba da buɗewa, zai fashe. Inna ta ce, "Yanzu boko ya kai ku ga sa wa bango madubi?" Hamdiya ta ce ai don ya ga tsufansa ya ji kunya, kamar wasu. Inna ta kai mata duka da mafici.

Lahadi, da asuba

Gilashin lafiya.

Litinin, da asuba

Gilashin lafiya. Inna ba ta yi barcin kirki a ɗakina ba, ni ma haka. Da gari ya waye takan koma bakin ƙofarta ta zauna, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Talata, bayan azahar

Na yini ina karatu a waya, abin da na fi iyawa ke nan. Na tuna shekarar da na fassara labarin girgizar ƙasa a birnin Bam na Iran, birnin ginin ƙasa kamar namu. Na karanta adadin mamatan da muryar da aka koya mini, ba rawa ba gaggawa, na tashi na je na ci abinci. Ban taɓa kawo rufin Inna a raina ba.

Abin da na fahimta yau kaɗan ne, kuma duk inda na duba maganar ɗaya ce. Ƙasa da bulo suna jure danniya, ba sa jure fizga. Gini daga kusurwa yake rabuwa da kuma bakin taga, don nan ne bango ke sakin hannun ɗan'uwansa. Abin da ke ceton ɗaki shi ne rufi mara nauyi da wani abu da zai ɗaure bangaye huɗu su motsa tare, ko kankare da rodi, ko itace. A ƙasashen da ƙasa ta saba motsi, kakanninsu sun koyi saka itace a cikin bango. Namu kakannin ruwa suka sani da rana da gara, su suka yi wa shiri, kuma sun yi shi da kyau.

Har yanzu ba wata sanarwa a kan abin da ya faru ranar Alhamis. Maganar ma ta fara mutuwa a gari, an koma zancen taki.

Akuyar Inna ta haifi biyu. Duk mata.

Laraba, da hantsi

Gilashin ya fashe. Ba mu ji motsin komai ba.

Laraba, bayan la'asar

Na gaya wa Hamdiya, don ba a ɓoye sakamakon awo. Ita ta gaya wa babanta. Ya bugo, na saurara. Ya ce in zo Kebbe ranar Asabar in ga ɗakin da ya gyara, don hankalina ya kwanta.

Na share tsakar gida. Na sake sharewa.

Alhamis, da safe

Inna ta sa na fito mata da akwatinta daga ɗakin. Ta zaɓi zannuwa, da Alƙur'aninta, da ƙaramar butar Baba, ta ɗaure su a cikin babban mayafi, ta ajiye ƙunshin a ƙarshen gadona. Ban tambaye ta ba. Ta ce, "Gara mutum ya shirya da kansa da a shirya shi."

Ta tambaya wa zai riƙa ba awaki dusa. Na ce ni mana, ina zan je. Ta dube ni ta ce, "Gidan ga ya yi miki yawa ke kaɗai." Na ce miyar kuka ko ta kuɓewa za a yi yau. Ta ce kuɓewa.

Na ɗora ta, za ta yi daɗi ƙwarai. Na sa kifi busasshe.

Asabar, bayan magariba

Na je Kebbe na dawo. Hamdiya ta zo ta ɗauke ni. Manoma duk sun yi sharar gona, ana jiran sama.

Yaya ya yi ƙoƙari, wannan ba musu. Ɗakin yana da faɗi, da sabuwar katifa, da labule, har da kujerar sallah. Matarsa Zahara'u ta yi mana tuwon shinkafa, ta yi ta nuna mini inda Inna za ta riƙa shan iska. Mutanen kirki ne. Na faɗa musu haka, kuma har zuciyata.

Ɗakin yana warin sabon fenti. Fentin bai rufe ko'ina ba, layi ne guda mai faɗin tafin hannu, ya tashi daga kusurwar taga ya haura a karkace zuwa silin. Akwai irinsa a ɗaya tagar. Na ga Hamdiya ta gani. Ta ɗora yatsa a bangon waje inda ba a yi filasta ba, ta murza, bulon ya zubo kamar garin kwaki. Yaya yana tsaye yana ba ni labarin farashin fanka.

A mota na ce, "Faɗa mini a matsayin injiniya, ba a matsayin 'yar gidan ba."

Da muka wuce wata gada ta ce, "Gwaggo, bulon yashi ya yi mai yawa. Kuma linta a kan taga da ƙofa kawai anka zuba, ba ta zagaye ginin ba. Ba yau zai faɗi ba. Amma in ƙasa ta sake motsi, ban san wanda zan zaɓa ba tsakaninsa da na Kaka." Ta ƙara da cewa, "Ni ba ni iya faɗa wa Baba haka. Shekara nawa yana tara kuɗin ginin ga."

Na ce ba sai ta faɗa ba. Wanda ya sayi fenti ya riga ya sani.

Na tambaye ta ko ɗakin Inna yana gyaruwa. Ta ce yana gyaruwa. A sauke ƙasar rufin a bar taƙi guda, a zagaye saman bangon da azara a ɗaure su a kusurwa, a ɗinke tsagar, a gina madogara daga waje ta tallafi bangon gabas. Aikin mako guda ne in an samu hannu. Ta ce wahalar ba a ginin take ba. Na ce na sani.

Litinin, da hantsi

Inna ta ƙi.

Ta saurari bayanin duka, har ta sa na maimaita zancen ƙwaryar fura. Sannan ta ce, "Ƙasar da Malam ya ɗora da hannunai, ita za ku kankare ku zubar a bola? Shekara da shekaru ina kwana ƙarƙashinta, ɗigo ɗaya bai taɓa ni ba sai sau guda. Ku bar ta inda take. In ɗakin zai faɗi, ya faɗi da mutuncinai, ni na tafi Kebbe."

Ɗangiwa yana tsugune a bakin zaure, ya ce, "Inna, rabinta fa ni na ɗora, ba Malam ba. Tawa ba ta da wani mutunci, a zubar."

Ta ce, "Kai rufe min baki, kan giwa."

Jiya da yamma na lura hadari ya fara leƙowa ta gabas, ya watse.

Talata, da asuba

Ƙunshin yana nan a ƙarshen gado. Ƙafata tana taɓa shi in na miƙe.

Laraba, bayan azahar

Ɗangiwa ya zo auna inda madogarar za ta zauna, ko da Inna za ta sauko. Ina riƙe masa igiya ya ce matsalarsa ƙasa ce. Kududdufin da ake ɗiba a da an cike shi an yi gidaje, wadda ake kawowa a kura yanzu yashi ce, ba ta da danƙo. Na tambaye shi tsohuwar ƙasa tana sake kwaɓuwa? Ya ce ai ta fi sabuwa, ta riga ta sha ruwa ta sha rana ta san aikinta. Muka dubi rufin tare. Ya ce, "'Yar rediyo, ashe kanki ba labari kaɗai ke ciki ba." Na ce ai tambaya kawai na yi, aikina ke nan.

Na je na zauna kusa da Inna tana tsinke zogale. Na ce ba za a zubar da ko dunƙule ba. Duk abin da aka sauke za a jiƙa shi a nan tsakar gida, a gina madogarar da shi. Ƙasar Baba za ta sauko daga kan ɗakin ta koma ta riƙe shi ta baya.

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Ta gama kwano guda. Sannan ta ce, "Ina zaune za a yi. Kuma ba a taka ta da takalmi."

Na buga wa Hamdiya, ta yi guɗa a waya, a ofis.

Asabar, bayan la'asar

An fara tun da sanyin safiya. Ɗangiwa da mutanensa uku a sama, Hamdiya tana tsaye tana hana su tara ƙasar a gefe ɗaya na rufin, tana cewa a rage ko'ina daidai don kada azara ta ji sauƙi a nan ta ji nauyi a can. Inna a kan kujera a gindin dogon yaro, kamar alƙali.

Ƙasar ba a dunƙule take fitowa ba, falle-falle take ɓarewa, kowace shekara da nata. Ɗangiwa ya yanko guntu tun daga sama har ƙasa ya kawo wa Inna a faranti. Na sama fari-fari ne, nasa. Daga tsakiya zuwa ƙasa ja ne, na tsohon kududdufi, kuma kowane falle da ƙaiƙayi a ciki kamar an yayyafa. Inna ta bi su da farce. Ta nuna wani mai kauri ta ce shekarar da aka yi aurena ce, gero ya yi kyau. Ta gangara ta tsaya a kan wani siriri wanda ba ƙaiƙayi ko ɗaya, yana marmashewa da an taɓa.

Ta ce, "Wagga shekarar fari ce. Ƙaiƙayin ma shanu munka ba. Malam ya ce ko da ƙasa tsura sai ya hau. Ita ce shekarar da ɗakin ya yi yoyo."

Hamdiya ta karɓi guntun tana juyawa, ta ce a makaranta an koya musu cewa ciyayi a cikin ƙasa shi ke hana ta tsagewa, amma ba ta taɓa ganin hujjar a jere haka ba. Ta ɗauki hoto.

Ana cikin haka Yaya Atu ya yi sallama. Ban san zai zo ba, ina jin Zahara'u ce ta gaya masa. Ya tsaya da babbar riga yana kallon rufin a buɗe, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya gaishe da Inna, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Sai ta tura farantin wajensa da ƙafa, ta ce da ni, "Gaya mai, fallen ga na ƙasa shi ya miƙa wa ubanai ƙasar. Shina kuka wai kwandon ya yi mai nauyi."

Yaya ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ba kuka na yi ba, ƙasa ta shiga min ido." Ɗangiwa daga sama ya ce, "Har yau ba ta fita ba, Alhaji, ga shi nan muna gani." Kowa ya yi dariya, har shi.

Ya cire takalmi da babbar riga ya karɓi kwanon ɗiba. Bai fi sau uku ya kai ba bayansa ya hana, amma ya kai.

Da zai tafi ya kira ni zaure. Ya ce, "Ban janye ba, Mu'minatu. In an gama a sake manna gilashin. In ruwan farko na kirki ya sauka bai fashe ba, kuma Hamdiya ta gani da idonta ta ce ɗakin ya zauna, na bar maganar. In ya fashe, ranar nika zuwa da mota." Na ce na yarda. Sharaɗi ne mai kyau, ni ma shi zan kafa.

Litinin, bayan azahar

An ɗaure saman bangon da azara, an haɗa su a kusurwoyi huɗu. Da aka sauke nauyin, azarun tsakiya sun ɗan miƙe da kansu, Ɗangiwa ya kira ni in gani. An ɗinke tsagar da guntayen itace an cike. Ƙasar Baba tana jiƙe a tsakar gida, an rufe ta da buhuna, gidan duk ƙamshin damina yake tun ba a yi ruwa ba.

Laraba, da yamma

Madogara ta tashi. Gindinta faɗi, tana tsukewa zuwa sama, ta jingina da bangon gabas kamar mutum ya sa kafaɗa. Ƙasar ta isa har ta yi saura, Ɗangiwa ya yi ɗan dakali a gefenta. Inna ta ce bai iya ba, ya karkace. Tun la'asar take zaune a kai.

Hamdiya ta manna sabon gilashi a kan ɗinkin ta koma Sakkwato. Tana da aiki a wani wuri, sai Asabar ta sama za ta samu zuwa.

Alhamis, da safe

Inna ta koma ɗakinta. Ƙunshin ta bar shi a nawa, a ɗaure.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Ɗangiwa ya biyo ya sha fura. Ya ce Yaya ya bugo masa, wai wani maƙwabcinsa a Kebbe yana da bango mai tsaga a bakin taga, ko zai zo ya duba, ya taho da Hamdiya in ta samu sarari. Ya ce, "Na tambaye shi sunan maƙwabcin, ya ce layin ba shi da kyau."

Ban yi dariya ba sai da ya tafi.

Lahadi, da asuba

Gilashin lafiya. Hadari ya haɗu jiya, iska ta kwashe shi.

Talata, da asuba

Gilashin lafiya. Zafi. 'Yan awakin sun fara hawa madogara, Inna tana korar su da carbi a hannu.

Alhamis, bayan la'asar

Ruwa ya sauka da azahar, na kirki, da iska daga gabas, wato a kan bangon ya sauka kai tsaye. Ya daɗe. Ina ɗakin Inna muka zauna tare a bakin gado, muna jin indararo yana zuba a waje. Ta riƙa ɗaga kai tana duba rufin, ni ina duba kusurwa. Ba ɗigo.

Da ya ɗauke na fita ba takalmi. Tsakar gida ta cika, ƙasa tana ƙamshi, maƙwabta suna ta kiran juna ana barka, gobe kowa gona. Madogara ta jiƙe ta yi ja, ba inda ta zaizaye.

Na dawo na tarar Inna ta shiga ɗakina da kanta ta kwance ƙunshin. Ta ce zanen da take so ne a ciki, kada in ɗauka wani abu. Butar Baba kuma na gan ta a inda take zama, bayan ƙofarta.

Yaya ya bugo ya ce can ma an yi ruwa. Ya tambaya. Na gaya masa abin da na gani, na kuma gaya masa bakina ne kaɗai tukuna, saura na biyu.

Na shafa gilashin da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, na haska shi da fitila. Bai fashe ba. Hamdiya za ta zo ta duba ranar Asabar.